Tsare Kare a Gida a Ƙasar Cadawa: Aikin Yana Gindin Danga

Dangar da ake kewaye gida da ita a garuruwanmu, daga Cadawa zuwa Agiye da Gazawa, har can yamma Gidan Rumji, don abu biyu aka san ta: ta suturta iyali daga idon mai wucewa, ta kuma hana akuyar maƙwabta kai baki ga shanya. Waɗannan ayyuka tana yin su daidai gwargwado. Amma ba a yi ta don kare ba, shi ya sa maigida zai kashe kuɗi ya ƙara wa dangarsa tsawo, ya sa sabuwar zana, gari ya waye ya iske karensa a bakin kasuwa yana kewaya teburin mahauta. Akuya tana tura danga da ƙirji, mutum yana leƙe ta sama, shi kuwa kare ƙasa yake dubawa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne mai saukin tono, kuma karen da ya ƙudurta fita ba zai daɗe ba ya buɗe ramin da zai wuce da cikinsa. Saboda haka duk mai son tsare karensa ya sani cewa wuri uku ne ke yanke hukunci: gindin shinge, rariyar da ruwa ke fita, da ƙarƙashin ƙyaure. Wanda ya gyara waɗannan ya yi mafi yawan aikin, ko da shingensa na kara ne. Wanda ya bar su, ko katangar bulo ya gina, bai tsare komai ba.

Kafin a shiga yadda ake yi, ya kamata a faɗi abin da ya sa maganar ta wuce ta son rai. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, kuma kudancin jihar yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Garuruwan da ke bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Cadawa da Agiye da Gazawa ta nufi Tasawa sun cika sun batse, gida ya manne da gida, filin da kare ke yawo a da ya zama unguwa. A kowane lungu akwai rago a turke, ko jar akuya da 'ya'yanta, ko 'yan zabbi da wata baiwar Allah ta ɗora wa begenta na kuɗin sallah. In kare ya faɗa musu, ɓarnar dukiya ce, ana iya biya. Wadda ba a iya biya ita ce ta ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu daga kare suka samo shi. Kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne ke wasa a titi, su ne tsawonsu ya yi daidai da bakin kare, su ne kuma ke ɓoye cizo don tsoron faɗa. Ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi. Karen da ke kwana a waje yana cuɗanya da karnukan da ba a san daga inda suka fito ba, sa'an nan ya dawo ya lashi hannun yaron gida.

Aikin yana farawa da maƙwabci tun kafin a ɗauki magirbi. Rami za a haƙa a kan iyaka, kuma taki ɗaya na ƙasa ya isa ya ɓata zumuncin shekaru. A kira shi, a ja igiya tare, in akwai shakka a nemi mai unguwa ko hakimi ya tsaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga watan Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da karan gero da na dawa suka bushe, gamba ta wadata, masu saƙar zana suna fito da ita kasuwa, kuma hannu ya ɗan sami kuɗin aya da gyaɗa. Dirkoki su zama na icce mai tauri, masu kaurin damtse, a kafa su kamu uku ko huɗu tsakani, kada a wuce mita 2. Kowace a binne ta aƙalla santimita 50, domin a rairayi dirkar da ba ta nutse ba iskar farkon damina ɗaya ce ke kwantar da ita. Gara ita ce babbar abokiyar gaba. A babbaka gindin dirka a wuta har ya yi baƙi kafin a binne, a zuba toka a ramin, a daddanna ƙasa da taɓarya kaɗan-kaɗan, kada a tura ta gaba ɗaya. Tanka kuma a yi uku maimakon biyun da aka saba, ta ƙasan ta sauko har kusan ɗani ɗaya daga ƙasa, domin nan ne kare ke cusa hanci ya raba kara. A ɗaure da igiyar kaba, wadda ba ta wuya ga mutanen da ke kusa da Gulbin Kaba, amma tankar ƙasa ta fi son waya, don kare yana tauna kaba.

Yanzu ga gindin, inda aikin yake. A bi tsawon shingen ta ciki a haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40. Wanda ke da hali ya sayi wayar raga, wadda 'yan kasuwa ke kira giriyaji, amma mai kauri wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa. Siririyar nan ta akurkin kaji ba ta da amfani a nan, kare yana yaga ta da haƙori, ƙasa kuma tana cinye ta cikin damina ɗaya ko biyu. A ɗaure wayar a jikin dirkoki har tsawon ƙugu, a saukar da sauran cikin ramin, sa'an nan a lanƙwasa ƙarshenta ta kwanta ta fuskanci cikin gida kamar kamu ɗaya, a rufe da ƙasa. Wannan lanƙwasar ita ce sirrin. Kare a jikin shinge yake fara tono, ba ya ja da baya ya soma daga nesa. Idan ya tona ya tarar da waya a ƙarƙashin ƙafarsa, ya matsa gefe ya sake tararwa, sai ya haƙura. Wayar da aka tsayar a miƙe kawai ana iya bi ta ƙarƙashinta in an dage, wadda aka kwantar kuwa kare a kanta yake tsaye yana tono. Wanda ba shi da kuɗin waya ba a rufe masa hanya ba. Ya cika ramin da fasassun tubala, da guntayen bulo, da tsakuwar jan dutse, da tsofaffin kwanon rufi da aka yar, ya kwaɓa laka ya danne, ya ɗaga ta ta zama ɗan dakali mai tsawon ɗani biyu a gindin dangar. Rassan magarya ko na bagaruwa da aka binne a kwance suna taimakawa, sai dai a binne su sosai, don ƙayar da ta leƙo waje ƙafar yaro za ta fara samu. Wayar ƙaya kuwa a bar ta gona. A cikin gida tana yanka yara da dabbobi, kuma karen da ya firgita yana ratsa ta ya fita da rauni.

Mai katangar ƙasa yana iya cewa wannan duk bai shafe shi ba, alhali shi ma ta gindi ake cin sa. Ruwan damina a nan daga gabas yake bugowa, yana zaizaye gindin bango, fitsarin dabbobi da gishirin ƙasa suna ƙarasa sauran, har ka ga bango ya rame daga ƙasa kana iya cusa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma inda ƙadangare ya shiga bana, kare zai faɗaɗa shi baɗi. A yi wa gindin katanga sabon yaɓe kowace rani, a tara ƙasa a jikinsa ta gangara don ruwa ya gudu. Sa'an nan a tsuguna a dubi rariya. Yawancin rariyoyin gidajenmu an bar su da faɗin da ɗan kwikwiyo ke shiga da fita yadda ya ga dama, ruwa kuma yana ƙara buɗe su kowace shekara. A gyara bakinta da siminti, a kafa guntayen rodi a tsaye, yatsa uku tsakani. Amma wanda ya sa rodi ya ɗauki wani nauyi: dole ya riƙa kwashe shara da ledar da ke taruwa a wurin, musamman kafin hadari, in ba haka ba ruwa ya taru a tsakar gida ya jiƙa bangon ya kayar da shi. Game da tsawo, mita 1 da santimita 80 ya wadatar ga yawancin karnuka, har da dogayen nan marasa jiki na mafarauta. Abin da ke ba su sama shi ne matakala: turmin da aka jingine, tarin itace, akurki, tsohuwar randa, ko buhunan ƙaiƙayi. A janye su daga jikin bango kamu uku.

Ƙofa ita ce wurin da aka fi sakaci. Rairayin bakin ƙofa yana raguwa da shara da takun ƙafa, har a sami rata tsakanin ƙyaure da ƙasa wadda ba wanda ya lura da ita sai kare. A yi dokin ƙofa na siminti, ko a binne gungumen icce a kwance, yadda ratar ba za ta wuce yatsa uku ba. Sakata a ɗaga ta sama, a kuma ɗaura guntun robar taya daga ƙyaure zuwa dirka don ƙofar ta riƙa komawa da kanta, domin a gidan da yara ke shiga da fita da tallar ƙosai da aiken cefane, ba wanda zai tsaya rufe ƙofa sau hamsin a yini. Gidan da ke da zaure ya riga ya sami abin da masu kiwon karnuka a Turai suke kashe kuɗi su gina, wato ƙofa biyu a jere. In aka sa ɗan gajeren ƙyaure a ƙofar zaure ta ciki, kare ko ya kuɓuce daga tsakar gida zai tarar da ta waje a rufe, baƙo kuma zai yi sallama ya tsaya ba tare da ya yi karo da shi ba.

Hujjar farko ta masu ƙin wannan aiki ita ce kuɗi, kuma hujja ce ta gaskiya. Gidan gandu mai sassa huɗu ko biyar kewayensa yana da yawa, kuma magidancin da ke lissafin hatsin da zai kai shi damina ba zai sayi waya ta kewaye shi duka ba. Amsa ita ce ba dole ne a kewaye gidan duka ba. A ware wa kare nasa wurin a wata kusurwa, kamar mita 3 a faɗi da mita 4 a tsawo, a yi masa duk abin da aka faɗa a sama. In aka zaɓi kusurwar da bango biyu suka haɗu, gefe biyu kaɗai za a gina. Wurin ya kasance nesa da madafa da randunan ruwa da inda ake sallah, amma ya zama yana hango turken dabbobi da ƙofar gida. Inuwa wajibi ce. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka wurin da ba rumfa kabari ne. A yi rumfar zana ko a zaɓi gindin dogon yaro, a binne kaskon ruwa rabi a ƙasa don kada ya kifar, a canza ruwan safe da yamma. A kwashe kashinsa kullum a binne, yara su wanke hannu in sun taɓa shi. Ranar Layya kuma kada a jefa masa ɗanyar hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa, domin ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa ya koma cikin mutum da tumaki. Karen da ake ba tuwo da ƙanzo a kan lokaci ba ya damuwa da juji. Yawancin yawon kare yunwa ce, sauran kuma neman karya. Karya tana shiga lokacinta kamar sau biyu a shekara, na kusan mako uku, kuma a kwanakin nan ne ake gwada ƙarfin kowane shinge a unguwa, daga ciki da daga waje. Wanda ba ya son 'yan kwikwiyo ya tsananta tsaro a lokacin, namiji kuma a kai shi ma'aikatan kiwo su yi masa fiɗiya, yawonsa zai ragu.

Wani zai ce sarƙa ta fi arha, a ɗaure shi a gindin icce a huta. Sarƙa tana da amfani na sa'a ɗaya ko biyu, in ana biki ko an yi baƙi. Amma karen da ya yini ya kwana a ɗaure yana zama mafaɗaci, domin in ya tsorata ba shi da wurin gudu sai cizo, kuma sarƙa ba ta hana yaro mai rarrafe isa gare shi, ba ta hana mahaukacin kare daga waje ya zo ya same shi. Tana kuma cin wuya, tana naɗewa a dirka ta raba shi da inuwa da ruwa. Wani kuma zai ce karen da aka kulle ba ya gadi, kuma a lokacin da ake kwance wa mutane awaki da dare ba a wasa da wannan. To, a duba abin da gadi yake nufi. Amfanin kare shi ne kunnensa da haushinsa, ya tashe ka kafin ɓarawo ya kai ga turke. Karen da ya tafi bin karya a wata unguwa da tsakar dare gidan wa yake gadi? Shi ne ma ake jefa wa nama mai guba a hanya. Tsarin da ya dace shi ne da rana yana wurinsa, in an yi sallar isha'i an rufe ƙofa a sake shi cikin gida, da asuba kafin a buɗe a mayar da shi. Mai zuwa gona ko kiwo ya tafi da shi a igiya har a fita gari, wannan motsa jikin yana rage masa tono da haushin banza.

Shingen rai yana da kyau, amma a san iyakarsa. Aguwa da dashi da bini-da-zugu ana dasa rassansu a ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka, suna kamawa ba wuya, suna rage sayen dirka kowace shekara. Sai dai suna buɗewa daga ƙasa in sun girma, ruwan aguwa yana cutar da ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne ga yaron da ya ci. A ɗauke su a matsayin dirkoki masu rai da za a ɗaura waya ko kara a jikinsu. Itacen dirka kuwa ba sai an shiga daji ba. Sassaben zamani da ya bazu a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, wanda ƙauyuka irin su Ɗan Saga a ƙasar Agiye suka yi suna da shi, ya mayar da kalgo da sabara da gawo cikin gonaki, kuma rassan da manomi ke ragewa a gonarsa sun isa tanka da yawancin dirkoki.

Akwai masu cewa Musulmi ba shi da abin yi da kare balle ya gina masa wuri. Malamai sun san cewa hadisi ya yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gona, kuma malaman Malikiyya sun tattauna batun gadin gida. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da bangon gidansa ya faɗi ya ji tsoro, ya ajiye kare, ya kuma kare matakinsa da lalacewar zamani. Wanda ya zaɓi kada ya ajiye, ya huta. Amma wanda ya ajiye, fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu bai sake shi ba. Littattafan Malikiyya sun ɗora lamuni a kan mai kare mai cizo idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, kamar yadda suka ɗora a kan mai bangon da ya karkata aka yi masa magana ya ƙyale har ya faɗa wa wani. Dokar ƙasa ma a kan mai dabba take ɗora ɓarnar dabbarsa, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha ya rufe ɗaya ƙofar: wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da inuwarta suna wuyansa.

Saura hujja ɗaya, wadda ta fi sauran nauyi: me zai amfane ni in tsare nawa alhali na maƙwabta suna yawo? Zai amfane ka, domin naka ba zai haɗu da su ba. Amma gaskiya ne shinge kaɗai ba ya kawar da ciwon daga gari, allura ce ke yi. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, ciwon yana rasa hanyar yaɗuwa. An gwada wannan a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, ciwon ya ja baya ƙwarai a karnukan birnin. Zuba guba a kashe karnukan titi kuwa an daɗe ana yi a ƙasashe da yawa bai kawar da shi ba, domin wasu ke maye gurbinsu, har da waɗanda aka yi wa allura ake kashewa. A nan ne shinge da allura suke haɗuwa: karen da ke da wuri, wanda ya saba da igiya da hannun mai shi, shi ake iya kamawa a kai wa ma'aikatan kiwo. Ana fara allurar yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda suka tsara, a adana takardar.

In kuma duk da haka cizo ya auku, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na minti 15 cur, kada a tsaya neman gashin karen ko shafa wani abu, a wuce likita a ranar. Ciwon yakan ɓuya wata 2 ko 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, don haka warkewar rauni ba shaida ba ce. Allurar mutum ana yin ta ne sau da yawa a ranaku daban-daban, a cika su duka, ko da sai an je Maraɗi. Karen da ya yi cizon kada a kashe shi a yar, a kulle shi a wurinsa kwana 10 a sanar da ma'aikatan kiwo su duba shi, amma kada wanda aka ciza ya jira kwanakin nan kafin ya fara allura. Maigida, kafin karan bana ya ƙare, ka zaga gindin shingenka ka tsuguna ka duba, duk inda dunƙulen hannunka ya wuce ka toshe shi, sa'an nan ka tambayi ma'aikatan kiwo na garinku ranar da za ka kai karenka allura.